Yadda za ka bar shirin BPF ya taɓa teburin conntrack ba tare da ka huda katangarka ba

Duk haɗin da ya ratsa na'ura mai Linux, in dai conntrack, wato sashen kanel mai bin sawun haɗin sadarwa, na aiki, yana da rikodinsa a tebur: wa ya fara magana, da wa, ta wace tasha, an amsa ko ba a amsa ba, da kuma sauran wa'adinsa kafin a manta da shi. Katangar tsaro da wannan tebur take aiki duk sanda ta ce `ct state established accept`, NAT ma, wato mai sauya adireshin fakiti, da shi yake tuna adireshin da ya sauya. Shirin XDP kuwa, wanda nau'i ne na BPF, wato ƙananan shirye-shiryen da ake lodawa cikin kanel, yana kama fakiti tun a bakin katin sadarwa, kafin netfilter, sashen kanel da ke ɗauke da katanga da conntrack, ya san da zuwansa. An daɗe XDP da conntrack ba sa ga maciji: mai son sauri sai ya gina nasa teburin a ma'ajiyar BPF, a wayi gari da tebur biyu a na'ura ɗaya, kowanne da labarinsa.

A kanel 5.18, na shekarar 2022, aikin Kumar Kartikeya Dwivedi ya ba shirye-shiryen XDP da na TC (wani wurin ɗaura shirin BPF, a kan fakiti mai shigowa ko mai fita) damar duba teburin. A 6.0 aka ƙara ƙirƙirar rikodi da sauya wa'adi da tutoci, da hannun Lorenzo Bianconi a ciki. A 6.1 aka kawo saita NAT, Daniel Xu kuma ya buɗe rubutu kai tsaye a kan alamar rikodi. Dukansu kfunc ne, wato ayyukan cikin kanel da aka yarje wa shirin BPF ya kira, suna zaune a `net/netfilter/nf_conntrack_bpf.c` da `nf_nat_bpf.c`.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: mai tantancewa na BPF, wato sashen kanel da ke bincika shiri kafin a loda shi, yana hana ka kayar da kanel, amma bai san me katangarka take nufi ba. Shiri zai iya wuce tantancewa lafiya ƙalau, ya kuma buɗe wa baƙo ƙofa. Rabin aikin na mai tantancewa ne, sauran rabin naka ne, kuma wannan rabin ne ya fi cin lokaci a nan.

Mataki na farko: tabbatar kanel ɗinka na da kayan

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Kana bukatar BTF, bayanin sunaye da siffofin abubuwan cikin kanel, wato `CONFIG_DEBUG_INFO_BTF`, in kuma conntrack modul ne a wurinka, har da `CONFIG_DEBUG_INFO_BTF_MODULES`. Rubuta alama yana bukatar `CONFIG_NF_CONNTRACK_MARK`. Dole JIT, mai juya shirin BPF zuwa umarnin CPU, ya kasance a kunne, lasisin shirin kuma ya dace da GPL, in ba haka ba ba za a bar ka ka kira kfunc ko ɗaya ba.

```
modprobe -a nf_conntrack nf_nat
bpftool btf dump file /sys/kernel/btf/nf_conntrack | grep bpf_ct_
bpftool btf dump file /sys/kernel/btf/vmlinux format c > vmlinux.h
```

In an gina conntrack a cikin kanel ɗin kansa, nemi sunayen a `/sys/kernel/btf/vmlinux`. A loda modul kafin shiri, domin libbpf, mai loda shirin, sai ya ga sunan aikin a BTF kafin ya ɗaura shi. Wanda zai loda shirin, in ba root ba ne, yana bukatar `CAP_BPF` da `CAP_NET_ADMIN`, da `CAP_PERFMON` saboda karanta cikin `nf_conn`.

Akwai wani tarko ƙarami da ke cin awa guda na mutane: loda modul bai isa ya sa conntrack ya fara bin fakitoci ba. Shingayensa, wato wuraren da yake tsare fakiti, ba sa kafuwa a netns (keɓaɓɓen yankin sadarwa a cikin na'ura) sai wata doka ta nemi su. Saka doka ɗaya mai `ct state` a nftables, inda ake rubuta dokokin katanga, in ba haka ba za ka yi ta duba tebur kana samun fanko kana zargin shirinka.

Mataki na biyu: san inda ka tsaya a kan hanyar fakiti

Kowane rikodi yana da shaida biyu: ta tafiya da ta dawowa. Kowace shaida ta ƙunshi adireshin tushe, adireshin makoma, tasha biyu da nau'in ladabin sadarwa, kamar TCP ko UDP. Aikin dubawa yana neman wadda ta dace da abin da ka miƙa masa, ko ta tafiya ko ta dawowa.

XDP da TC na shigowa suna gaban netfilter. Ma'ana fakitin farko na sabon haɗi ba shi da rikodi tukuna, kuma wannan ba kuskure ba ne. Amfanin wannan wuri shi ne NAT bai taɓa fakitin ba, don haka adireshin da ke jikinsa yana dacewa da ɗaya daga cikin shaidun kai tsaye. TC na fita kuwa yana bayan netfilter, NAT ya riga ya gama aikinsa. Fakitin da aka sauya wa adireshin tushe ba ya dacewa da shaidar tafiya, domin tushen ya canza, ba ya kuma dacewa da ta dawowa, domin fuskarsa tana kallon waje. A nan sai ka juya shaidar, ka sa makoma a gurbin tushe, tushe a gurbin makoma, sannan ta faɗa kan shaidar dawowa.

Gutsattsarin fakiti ma a kula da su. Conntrack yana aiki ne bayan an harhaɗa gutsattsarin, kai kuwa a XDP ɗaiɗai kake ganinsu, kuma in ban da na farko babu mai ɗauke da lambar tasha. Ka bar su su wuce. TCP da UDP kaɗai waɗannan ayyuka suke karɓa, wani abu dabam zai dawo maka da `-EPROTO`.

Mataki na uku: fara da dubawa kawai

Kada ka fara da rubutu. Rubuta shirin da zai duba ya saki, ka gan shi yana aiki, sannan ka ƙara masa hannu.

```c
#define BPF_NO_KFUNC_PROTOTYPES
#include "vmlinux.h"
#include <bpf/bpf_helpers.h>
#include <bpf/bpf_endian.h>

struct bpf_ct_opts___namu {
	s32 netns_id;
	s32 error;
	u8 l4proto;
	u8 dir;
	u8 reserved[2];
};

struct nf_conn___namu {
	unsigned long status;
	u32 timeout;
	u32 mark;
} __attribute__((preserve_access_index));

struct nf_conn___namu *bpf_xdp_ct_lookup(struct xdp_md *,
	struct bpf_sock_tuple *, u32,
	struct bpf_ct_opts___namu *, u32) __ksym;
void bpf_ct_release(struct nf_conn___namu *) __ksym;

SEC("xdp")
int mai_dubawa(struct xdp_md *ctx)
{
	void *karshe = (void *)(long)ctx->data_end;
	struct ethhdr *eth = (void *)(long)ctx->data;
	struct iphdr *ip = (void *)(eth + 1);
	struct bpf_sock_tuple shaida = {};
	struct bpf_ct_opts___namu zabi = {
		.netns_id = -1,
		.l4proto = IPPROTO_UDP,
	};
	struct nf_conn___namu *ct;
	struct udphdr *udp;

	if ((void *)(ip + 1) > karshe)
		return XDP_PASS;
	if (eth->h_proto != bpf_htons(0x0800) ||
	    ip->protocol != IPPROTO_UDP || ip->ihl < 5)
		return XDP_PASS;
	if (ip->frag_off & bpf_htons(0x3fff))
		return XDP_PASS;
	udp = (void *)ip + ip->ihl * 4;
	if ((void *)(udp + 1) > karshe)
		return XDP_PASS;

	shaida.ipv4.saddr = ip->saddr;
	shaida.ipv4.daddr = ip->daddr;
	shaida.ipv4.sport = udp->source;
	shaida.ipv4.dport = udp->dest;

	ct = bpf_xdp_ct_lookup(ctx, &shaida, sizeof(shaida.ipv4),
			       &zabi, sizeof(zabi));
	if (!ct)
		return XDP_PASS;
	/* a nan aikinmu zai shiga */
	bpf_ct_release(ct);
	return XDP_PASS;
}

char _license[] SEC("license") = "GPL";
```

Lura da girman da aka miƙa: `sizeof(shaida.ipv4)`, ba `sizeof(shaida)` ba. Da girman ne kanel yake gane ko IPv4 kake nufi ko IPv6. Cikakken girman tsarin daidai yake da na IPv6, don haka in ka yi wannan kuskure ba za a yi maka ihu ba, sai dai kawai ba za ka taɓa samun rikodi ba. `netns_id` na -1 yana nufin netns ɗin da katin yake ciki. Guraben `reserved` dole su zama sifili. Tsarin zaɓin mai bayit 12 ne a nan, a 6.11 an faɗaɗa shi zuwa 16 don a iya zaɓen yanki na conntrack ta `ct_zone_id`, amma har yanzu ana karɓar na 12, wanda ke aiki a yankin asali.

In aikin ya dawo da fanko, dalilin yana cikin `zabi.error`. `-ENOENT` shi ne "babu rikodi". Saura duk laifinka ne: `-EINVAL` ka ɓata zaɓi, `-EAFNOSUPPORT` girman shaida bai yi ba, `-ENONET` babu netns mai wannan lamba. Kada ka haɗa su wuri ɗaya. Shirin da ke ɗaukar kowane fanko a matsayin "babu" zai shiga ƙirƙirar rikodi a inda bai kamata ba.

Manunin da ka samu, wato `ct` mai nuna rikodin, aro ne. Kanel ya ƙara ɗaya a ƙidayar masu riƙe da rikodin, kuma sai ka mayar ta `bpf_ct_release` a kowace hanya da shirin zai iya fita. Mai tantancewa ba sani ba sabo a nan: ka manta a reshe ɗaya, zai ce `Unreleased reference` ya ƙi loda shirin gaba ɗaya. Haka in ka taɓa manunin kafin ka duba ko fanko ne, ko bayan ka saki, ko ka yi tsallen `tail call` kana riƙe da shi.

Mataki na huɗu: alama, wadda ita ce mafi sauƙin taɓawa

A duk cikin `nf_conn`, gurbi ɗaya tak aka yarda ka rubuta da hannunka, shi ne `mark`. Gwada rubuta wani gurbin za ka ga `no write support to nf_conn at off`. Da dalili. Shaidun biyu su ne suka ajiye rikodin a gurbinsa cikin tebur, in ka sauya su a ɓoye rikodin ya ɓace yana nan. Tutoci ana kunna su ne da ayyukan da CPU biyu ba za su yi karo a kai ba. Wa'adi kuwa lissafinsa ya bambanta kafin shiga tebur da bayan shiga. Alama ce kaɗai lamba zalla da kanel bai dogara da ita don lafiyarsa ba.

```c
#define ALAMARMU 0x100

if (!(ct->mark & ALAMARMU))
	ct->mark |= ALAMARMU;
```

Alamar bit 32 ce, kuma ba taka ba ce kai kaɗai. Dokokin nftables, manhajojin VPN, na kwantena, duk suna iya amfani da wani yanki nata. Kafin ka zaɓi naka bit, bincika `nft list ruleset` ka ga waɗanda aka riga aka kama. Kada ka rubuta `ct->mark = wani_abu` a rikodin da ba kai ka ƙirƙira ba, domin za ka share na wasu.

Duba kafin rubutu da na yi a sama ba ado ba ne. `|=` karantawa ce sannan rubutu, kuma tsakanin biyun wani CPU zai iya sauya alamar, kai kuma ka zo ka danne nasa. Rubutu sau ɗaya a rayuwar haɗi yana rage wannan haɗari ƙwarai, yana kuma hana CPU-CPU fizgar layin memori ɗaya a kowane fakiti. Sannan rubutun kai tsaye ba ya tayar da sanarwa. Dokar katanga in ta sauya alama tana shaida wa masu sauraro, naka kuwa shiru ne. In kana da conntrackd mai kwafar tebur zuwa na'ura ta biyu, kada ka ɗauka ya ji.

Mataki na biyar: wa'adi

`bpf_ct_change_timeout(ct, adadi)` yana karɓar milisakan. Ka maimaita wa kanka wannan, domin duk abin da ka saba gani a `/proc/sys/net/netfilter/` da sakan yake. Wa'adin haɗin TCP da ya kafu sakan 432000 ne, kwana biyar. Kwafi wannan lamba yadda take zuwa kfunc ka samu minti bakwai da sakan goma sha biyu, kuma babu mai gaya maka.

Yaushe ma ake bukatar taɓa wa'adi? In shirinka yana mayar da `XDP_PASS`, kusan ba ka bukata, kuma ko ka taɓa ba ya zama: fakitin zai isa netfilter, shi kuma ya sake saita wa'adin bisa nasa lissafin. Inda abin yake da amfani shi ne fakitocin da ka karkatar da `XDP_TX` ko `XDP_REDIRECT`. Netfilter bai gan su ba, dubawa kuma ba ta sabunta wa'adi, don haka a idon conntrack haɗin ya yi shiru, zai mutu ana tsaka da magana. UDP da ba a amsa ba sakan 30 kawai yake da shi.

Kada ka sabunta a kowane fakiti. Lissafa abin da ya rage, `ct->timeout - (u32)bpf_jiffies64()`, wanda da jiffies yake, wato bugun agogon kanel, ka kwatanta da `CONFIG_HZ`, yawan bugun a sakan, da za ka samu ta `__kconfig`, ka sabunta sai in ya sauka ƙasa da rabi. Ka kuma duba amsar aikin: `-EPERM` na nufin an kulle wa'adin da tutar `IPS_FIXED_TIMEOUT`, `-ETIME` na nufin rikodin yana kan hanyar mutuwa, tsawaitawarka ba za ta cece shi ba.

Ga TCP akwai ƙari. In ka ɗauke fakitocin tsakiya kana tsawaita wa'adi, ka tabbatar kana barin masu SYN, FIN da RST, wato na buɗe haɗi da na rufe shi, su isa netfilter. In ba haka ba conntrack ba zai taɓa sanin an rufe haɗin ba, gawarwaki su cika maka tebur.

Mataki na shida: tutoci, inda bakin alƙalami ke bushewa

`bpf_ct_change_status` yana kwatanta abin da ka kawo da abin da ke jikin rikodin. In bambancin ya shafi `IPS_EXPECTED`, `IPS_CONFIRMED` ko `IPS_DYING`, zai ce `-EBUSY`. Wannan yana da wani sakamako da ke ruɗa mutane: duk rikodin da ke tebur yana da `IPS_CONFIRMED`, don haka in ka miƙa tutar da kake so ita kaɗai, kamar ka ce a cire waccan ne, sai a ƙi ka. Hanyar da ta dace ita ce `ct->status | sabuwar_tuta`. Tutocin NAT da wasu na cikin gida kuwa ana yin biris da su ko ka saka.

Abu na biyu, wannan aiki kunnawa kawai yake yi, ba ya kashewa. Tutar da ka ɗaga ta ɗagu har rikodin ya mutu. Don haka ka san ma'anar ukun da za ka fi sha'awa.

`IPS_SEEN_REPLY` ita ce ke mayar da fakitocin tafiya daga `new` zuwa `established`. Ka kunna ta a rikodin da ba a taɓa amsawa ba, fakitocin mai nema za su bi ta dokar farko ta katanga, su tsallake duk binciken da ka tanadar wa sababbi. `IPS_ASSURED` tana kare rikodi daga sharar gaggawa: in tebur ya cika, kanel yana neman rikodin da ba shi da wannan tuta ya jefar don ya sama wa sabo wuri. Raba ta ga kowa, ranar da tebur ya cika ba za a sami abin jefarwa ba, sai saƙon `table full, dropping packet` a `dmesg`, na kirki da na banza duk a waje. `IPS_FIXED_TIMEOUT` kuma tana hana kowa sabunta wa'adi, har da kai.

Ra'ayina, in fakitocinka suna ratsa netfilter, ka bar masa tutoci. Ya fi ka sanin an amsa ko ba a amsa ba.

Mataki na bakwai: ƙirƙirar sabon rikodi

Nan ne zuciyar al'amarin. Masu wannan aiki sun yi wata dabara mai kyau: `bpf_xdp_ct_alloc` da `bpf_skb_ct_alloc` ba sa dawo da `nf_conn`, suna dawo da `nf_conn___init`. A memori abu ɗaya ne, amma a idon mai tantancewa iri biyu ne dabam. Ɗanyen rikodi, wanda bai shiga tebur ba kuma babu mai ganinsa sai kai, shi ake yi wa `bpf_ct_set_timeout`, `bpf_ct_set_status` da `bpf_ct_set_nat_info`. Wanda ya shiga tebur, wanda sauran CPU ke iya taɓawa, shi ake yi wa masu `change`. `bpf_ct_insert_entry` shi ne gadar: yana cinye ɗanyen manuni, ya ba ka na biyu ko fanko. Ka haɗa su ba daidai ba, mai tantancewa zai ce `expected pointer to STRUCT nf_conn___init but` ya tsaya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: `bpf_ct_release` ba ya karɓar ɗanyen rikodi. Da zarar ka kira `alloc`, hanyar fita ɗaya ce, `insert`. Babu fasawa a tsakiya. Saboda haka duk wata shawara, an yarda da wannan tushe ko a'a, an wuce iyaka ko a'a, wace saba, wato na'urar makoma, za a tura wa, a gama ta kafin `alloc`. Wannan gutsuren yana maye gurbin `if (!ct)` na shirin mataki na uku.

```c
if (!ct) {
	struct nf_conn___namu *sabo;
	int matsala;

	if (zabi.error != -2)		/* ba ENOENT ba */
		return XDP_PASS;
	if (!an_yarda(&shaida))		/* dokarka da iyakarka */
		return XDP_PASS;

	sabo = bpf_xdp_ct_alloc(ctx, &shaida, sizeof(shaida.ipv4),
				&zabi, sizeof(zabi));
	if (!sabo)
		return XDP_PASS;

	sabo->mark = ALAMARMU;
	matsala = bpf_ct_set_nat_info(sabo, &makoma, 5000, 1);
	bpf_ct_set_timeout(sabo, matsala ? 1 : 30000);

	ct = bpf_ct_insert_entry(sabo);
	if (!ct)
		return XDP_PASS;
	if (matsala) {
		bpf_ct_release(ct);
		return XDP_DROP;
	}
}
```

Dubi yadda aka yi da gazawar NAT. Tunda ba a iya fasawa, sai aka ba rikodin wa'adin milisakan ɗaya aka shigar da shi, aka jefar da fakitin. Rikodin da wa'adinsa ya ƙare ba a ƙara samunsa a dubawa, kanel zai share shi. Ba kyau gare ta ba, amma ita ce hanyar. In ba ka saita wa'adi ba ko kaɗan, `alloc` sakan 10 yake bayarwa.

A `bpf_ct_set_nat_info`, adireshin `union nf_inet_addr` ne cikin jerin bayit na waya, amma lambar tasha lamba ce zalla, ba a yi mata `bpf_htons`. Hujja ta ƙarshe 0 ce don sauya tushe, 1 don sauya makoma. Aikin ba ya taɓa fakitin da ke hannunka, shaidar dawowa kawai yake gyarawa ya ɗaga tutocin NAT. Mai sauya adireshin da gaske shi ne shingen NAT na netfilter in fakitin ya iso, kuma shingen ba ya kafuwa sai akwai sarƙa mai nau'in `nat` aƙalla ɗaya, ko da babu doka a cikinta.

`insert` zai iya dawo da fanko ba tare da ya faɗi dalili ba, yawanci don wani ya riga ka shigar da wannan shaidar tsakanin dubawarka da shigarwarka. A lokacin kanel ya riga ya zubar da ɗanyen rikodin, babu abin saki. In NAT ɗin yana da muhimmanci, sake dubawa ka tabbatar akwai rikodi mai alamarka kafin ka bar fakitin ya wuce, in ba haka ba netfilter zai yi nasa rikodin ba NAT.

Yanzu ga babban haɗarin. A hanyar da aka saba, conntrack yana yi wa fakitin farko rikodi na wucin gadi, ba ya shigar da shi tebur sai fakitin ya tsira daga duk dokokin katanga. In wata doka ta jefar da fakitin, rikodin ya tafi tare da shi. Naka rikodin ba ya bin wannan layi. Ya shiga tebur tun kafin katanga ta ga fakitin. Ko da katanga ta jefar da fakitin, rikodin yana nan har wa'adinsa ya cika, kuma duk fakitin da ya dace da shaidar dawowa `established` ne a idonta. Adireshin tushe kuma abu ne da kowa zai iya ƙirƙira, musamman a UDP. Wato in `an_yarda` ya fi katangarka sakaci, to shi ne katangarka ta gaskiya. Dole ya kasance aƙalla da tsaurinta: makoma da tasha sanannu daga jerin da ka rubuta, ba duk abin da fakiti ya zo da shi ba.

Iyaka ma a nan take. Shirin da ke ƙirƙirar rikodi ga kowane fakitin da bai sani ba zai cika `nf_conntrack_max` da gudun XDP. Riƙe ƙidaya a ma'ajiyar BPF, ka daina `alloc` in an wuce adadin da ka yanke a sakan. Ga TCP, kada ka ƙirƙira sai a kan SYN zalla, domin ɗanyen rikodi yana zuwa da yanayin TCP a sifili, netfilter ne zai gina shi daga musabahar farko. In ambaliyar SYN ce damuwarka, tun 6.0 akwai `bpf_tcp_raw_gen_syncookie_ipv4`, wanda ke ba ka damar amsa SYN ba tare da ka ajiye komai ba. Ka kuma sani rikodin da ka ƙirƙira tsirara yake zuwa, ba shi da ƙarin da hanyar yau da kullum ke liƙa masa, irin su ƙidayar bayit da mataimakan ladabi kamar na FTP.

Mataki na takwas: gwaji a keɓe, da hanyar janyewa

Kada gwajin farko ya zama a katin da kake shiga na'urar ta kansa. Yi netns biyu ka haɗa su da veth, wato tagwayen katin sadarwa na cikin manhaja.

```
clang -O2 -g -target bpf -c ct.bpf.c -o ct.bpf.o
bpftool prog load ct.bpf.o /sys/fs/bpf/ct
bpftool net attach xdpgeneric pinned /sys/fs/bpf/ct dev veth0
conntrack -L --mark 0x100/0x100
conntrack -S
```

A `conntrack -L` ka duba wa'adi, alama da shaidar dawowa. A `conntrack -S` ka sa ido kan `drop` da `early_drop`, `conntrack -C` kuma ya nuna maka ko tebur yana kumbura. Gwajin da ya fi kowanne daraja shi ne na huda: sa doka da ke jefar da fakitin farko, aika shi, sannan ka aika wani daga ɗaya ɓangaren da shaidar dawowa. In ya wuce, ka gano ramin kafin wani ya gano maka. A cikin shirin, ƙirga kowace gazawa dabam a `BPF_MAP_TYPE_PERCPU_ARRAY`, ta `alloc`, ta NAT, ta `insert`. Fayilolin `test_bpf_nf.c` da `test_bpf_nf_fail.c` na gwaje-gwajen kanel sun cancanci karatu, musamman na biyun, domin jerin kura-kurai ne da mai tantancewa ke ƙi.

Kfunc ba su da alƙawarin dawwama irin na tsofaffin mataimakan BPF, suna iya canza siffa daga kanel zuwa kanel. In shirin zai yi aiki a na'urori masu kanel dabam-dabam, ayyana su da `__weak`, ka duba da `bpf_ksym_exists` kafin kira, ka kuma sake gwaji duk sanda aka sabunta kanel.

Cire shirin ba ya mayar da tebur yadda yake. Rikodin da ka ƙirƙira, alamun da ka sa, tutocin da ka ɗaga, duk suna nan bayan `bpftool net detach xdpgeneric dev veth0`, kuma a cikin wannan rukuni babu kfunc na gogewa. Shi ya sa muka sa alamarmu a kan duk abin da muka taɓa: `conntrack -D --mark 0x100/0x100` zai kwashe su. Sai dai umarnin ba ya bambanta wanda ka ƙirƙira da wanda ka yi wa alama kawai, don haka ware bit biyu tun farko, ɗaya na "ni na yi shi", ɗaya na "na taɓa shi", ka goge na farkon kaɗai. Kuma ka fara cire shirin kafin gogewar, in ba haka ba fakiti na gaba zai sake dasa abin da ka tumɓuke.